Kafin ka ba kafinta aikin akwatin bes

Masu haɗa sauti a wurin biki da wa'azi, yawancin akwatunan bes (na sauti mai kauri) da ke karkarwa ba sifikar ce da laifi ba, katakon ne.

Sifika mai inci 18 tana son filawud mai kaurin milimita 18, allon gaba kuma a ninka shi biyu. A bar MDF, wato allon garin katako da aka matse: ga nauyi, ga shan ruwa, damina ɗaya ya kumbura. Cikin akwatin ya kai lita 170 zuwa 200, bayan an cire wurin da sifika da ramin iska (hanyar da aka bar wa iska ta shiga ta fita) suka cinye. Nan ne ake yawan yin kuskure.

Kowace gaɓa a shafa mata gam sosai, a ɗaure da sukuru duk santimita 15, ƙusa ba ta riƙewa. A tokare bangunan daga ciki. Wanda ka ƙwanƙwasa ya amsa kamar ganga, bai tokaru ba. Ƙaramar kafa kuwa in aka bar ta a gaɓa, fito za ta riƙa yi.

Ramin iska a daidaita shi wajen 40Hz (Hz ma'aunin kaurin sauti ne), kada ya matse, in ba haka ba sai huci. Sannan a yanke duk sautin da ke ƙasa da 35Hz kafin amfilifaya, don a can takardar sifikar ke lilo ba birki har ta yage.