Tarihin Rayuwata, kashi na 11: Azumi a bayan sitiyari

Makon jiya na tsaya a inda Yaya Sabo ya raka ni filin jirgin Malam Aminu Kano. Na so in ɗora daga saukata Jidda, amma tun da aka ga watan nan azumin 2013 ya ƙi barin raina. Ku yi haƙuri, shekarun farko ma dawo musu.

Ran 10 ga Yuli muka ɗauki azumi, kusan awa 15 baki a rufe. Zafin Kano busasshe ne, na Jidda da laimar teku yake zuwa, kafin ka kai ƙofar mota riga ta manne maka a baya. Iyalin wani Balarabe nake tuƙawa a unguwar Rauda. Dokar ƙasar ta ce ma'aikaci Musulmi awa 6 zai yi a Ramadan, amma wannan ta 'yan ofis da kamfani ce. Direban gida da 'yar aiki ba a sa su a lissafi ba.

Garin juyewa yake yi, dare ya koma rana. Da la'asar sakaliya Madam, matar maigida, za ta aiko: gurasar tamis mai zafi, ful na wake, da abin shan nan subiya, ja da fara a leda. In bi layi uku, in fito in tarar da titin Falasɗin ya cushe, kowa na tuƙi kamar an biyo shi. A danja samari ke tsayawa da 'yan kwalaye, dabino uku, ruwa da laban, suna miƙowa ta taga. Allah ya saka musu. Fiye da rabin watan a danja na sha ruwa, ƙafata a kan birki, tamis ɗin mutane yana hucewa a kujerar baya, waya na ta ƙara.

A nan maganar Baffa take faɗo mini. Daren da zan taho, yana kan buzunsa, ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Habu, kowa ya bar gida, gida ya bar shi." Na ɗauka tsufa ne kawai.

Bayan tarawihi sai kasuwa. Yau Balad, tsohon garin Jidda, gobe manyan shaguna, har biyu ko ukun dare. Mu direbobi mu jeru a jikin motoci, Bangali, ɗan Sudan, Ba'indiye, ana Larabcin da ko Larabawan dariya yake ba su. Sahur kuwa ragowar kabsa ce, 'yar Indunusiyar gidan ta miƙo mini ta ƙofar kicin, idonta jawur, don tun azahar take naɗe sambusa.

Cikin wannan hali Yaya Sabo zai kira. "Alhaji ƙarami, kana can kana kwasar lada a Harami, ka manta da mu." Sai lissafi ya biyo baya: gero, sukari, shaddar yara. Ban taɓa cewa babu ba. Har da kuɗin ginin filina ta hannunsa suke bi, filin da na dawo a 2017 na tarar da yashi tifa ɗaya da ciyawa. Ya ce hidimar gida ce ta ci. Wane gida? Wanda Baffa ya ce ya bar ni? Har yau idan muka haɗu wajen ɗaurin aure shi ke fara miƙo hannu, ni kuma in karɓa, saboda Inna.

Haramin da yake faɗa, tafiyar awa ɗaya ce daga Jidda. Sau ɗaya na je a watan, daren 27. Na sauke iyalin maigida, aka kora mu da motoci can Kudai, wurin ajiye motoci. A rediyon mota na bi alƙunutun liman, ina amin ni kaɗai, gilas a rufe. Ko hasumiya ban gani sosai ba, balle Ka'aba. Da Yaya ya tambaya ko na sa shi a addu'a, na ce na sa. Kuma na sa ɗin.

Juma'ar ƙarshe maigida ya ba ni yamma guda. Ban tsaya ko'ina ba sai unguwar Karantina, wajen 'yan uwanmu Takari. Shekarar ce ake ta maganar gyaran igama da kame, kowa a tsorace, amma kaskon ƙosai yana kan wuta. Wata tsohuwa ce ke suya, a Jidda aka haife ta, kakanta da ƙafa ya zo ta Sudan. Ba ta taɓa ganin Kano ba, amma Hausarta irin ta kakata ce. Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, gwauro ne kai ko? Da a garinku ne da tuni an ɗaura maka igiyar tashe." Ta zuba mini kunun tsamiya a kofin roba, ta ƙara ƙosai biyu gyara. Na tsuguna a gindin bango ina jiran kiran salla, kofin yana ƙona mini hannu, na ƙi ajiyewa.

Ban kai rabi ba Madam ta kira, wai Vimto ya ƙare.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗi yadda Baffa ya rasu ina kan hanyar Madina.