Sashe na 3 da teburin mai jarrabawa: abin da tsangayar shari'a a Italiya ta koya mini

Na gama, na karɓi takardata, ina shirin barin Italiya. Ƙannenmu da ke shigowa tsangayar shari'a kan tambaye ni darasin da ya fi ba ni wuya, kullum kuma amsata ɗaya ce: dokar tsarin mulki. Kundin kansa ba shi da yawa, sashe 139 ne, wasu ma an soke su a gyaran 2001, mai himma zai haddace sha biyun farko cikin mako guda. Wuyar tana wajen wanda zai zauna gabanka ranar jarrabawa.

Kun san tsarin. Jarrabawar ta baka ce, a bainar jama'a, mataimaka su jera tebura a gaban aji, farfesa tana can gefe, maki 18 cikin 30 shi ne tsira. A zaman watan Yuli sunana ya faɗa hannun wani mataimaki. Tun daga kiran sunan na ga alama: ya karanta shi a karkace, wasu suka yi dariya, bai nemi gyara ba. Waɗanda suka gabace ni da lafazin girmamawa yake yi musu magana, irin wanda ake yi wa babba. Ina zama ya koma irin wanda ake yi wa yaro. Ya karɓi katina, ya juya shi gaba da baya, ya ajiye can bakin tebur, ya ce in yi masa bayanin sashe na 3.

Da zaɓi aka ba ni, shi zan ɗauka. Na kawo sakin layi na farko, cewa 'yan ƙasa duka darajarsu ɗaya, daidai suke a gaban doka, ba bambancin jinsi, launin fata, harshe, addini, ra'ayin siyasa ko halin rayuwa. Na shiga na biyu, wanda ya ɗora wa Jamhuriya nauyin kawar da shingayen tattalin arziki da na zamantakewa da ke hana daidaiton nan tabbata a aikace. Sai ya katse ni: to, baƙo fa? Na ce nassin 'yan ƙasa ya ambata, amma Kotun Tsarin Mulki, a hukuncinta mai lamba 120 na 1967, ta ce ba a karanta sashen shi kaɗai. Sai an haɗa shi da sashe na 2, mai magana kan haƙƙoƙin ɗan'adam da ba a ketawa, da sashe na 10, da ya ce matsayin baƙo a doka dole ya dace da ƙa'idoji da yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa. Don haka in ana batun haƙƙi na asali, daidaiton ya haɗa har da baƙo.

Wannan amsa tana cikin littafin da farfesar da kanta ta ce mu karanta. Ya yi mini kallon hadarin kaji, ya ce jarrabawa ake yi, ba kare kaina na zo yi ba, kuma wanda bai ƙware a harshen ba ba zai iya dokar ba. Bai nuna mini wuri ko ɗaya da na kauce wa doka ba. Ya turo mini katin da gindin biro, ya ce in dawo Satumba, ya kira na gaba.

Duk wanda ke kan tallafin karatu na yanki ya san abin da Satumba ke nufi. Ranar 10 ga Agusta ake rufe lissafin darussan da ka ci, wannan darasin kuma mai nauyi ne a lissafin. Ban cika adadin ba. Tallafin shekara mai zuwa ya tafi, ɗakin kwanan ɗalibai ya bi shi. Shekarar nan da dare ina wanke-wanke a gidan abinci, da safe ina aji da jajayen idanu, kuma ban iya gaya wa Baba ba sai da komai ya lafa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne tallafin nan ba sadaka ba ne. Sashe na 34 ne tushensa, wanda ya ce makaranta buɗe take ga kowa, kuma mai hazaƙa da cancanta, ko ba shi da hali, yana da haƙƙin kaiwa matakin ƙarshe na karatu. Mutumin da ake biya ya koyar da wannan sashe, shi ya raba ni da shi.

Saura kaɗan in tsani darasin baki ɗaya. Tarihin kundin ne ya hana ni, da na koma kansa a watannin nan. Ranar 2 ga Yuni 1946 Italiyawa suka kaɗa ƙuri'ar sallamar sarauta, ranar kuma suka zaɓi majalisar da ta rubuta shi. Da yawa daga cikin 'yan majalisar sun sha kurkuku ko gudun hijira a zamanin Mussolini. Umberto Terracini, shugabansu da ya sa wa kundin hannu, ya yi shekaru masu yawa a tsare. Kundin ya fara aiki 1 ga Janairu 1948, amma kotun da aka ce za ta tsare shi ba ta zauna ba sai 1956. Tsawon shekarun nan dokar 'yan sanda ta 1931 tana ci, ana gurfanar da mutum don ya raba takarda ko ya manna sanarwa ba da izini ba, alhali sashe na 21 ya ba kowa 'yancin faɗin ra'ayinsa. Kotun Ƙolin ƙasar ta raba sassan gida biyu: wasu umarni ne mai aiki nan take, wasu kuwa manufa ce da ke jiran majalisa ta ga dama. Hukuncin farko na Kotun Tsarin Mulki, mai lamba 1 na 1956, a ƙarƙashin shugabanta Enrico De Nicola, shi ya karya wannan rabo. Lauyoyin gwamnati sun ce kotun ba ta da hurumi a kan dokokin da suka girmi kundin. Ta ce tana da shi, ta kuma soke sharaɗin neman izinin. Yawancin gwamnatocin yankuna da kundin ya tanada ma sai 1970 aka kafa su, haka dokar ƙuri'ar raba gardama. Ɗan Najeriya ba zai karanta wannan bai tuna Babi na 2 na kundinmu na 1999 ba, inda aka jera ilimi da lafiya da walwalar jama'a, sannan sashe na 6 ya hana kotu taɓa su.

Italiyawan ma ba zama suka yi haƙƙin ya same su ba, ƙara suka shigar. Sai na je wajen wakilan ɗalibai, suka buɗe mini ƙa'idojin jami'ar. Ashe a rubuce yake cewa ɗalibi na iya neman farfesar darasi ta jarraba shi da kanta, ba wanda ya taɓa gaya wa baƙi irinmu. A Satumba na nemi hakan a rubuce, na kuma zo da abokan karatu suka zauna a sahun gaba, tunda zaman na jama'a ne. Ta tambaye ni sashe na 138, yadda kowace majalisa ke kaɗa ƙuri'a sau biyu a kan gyaran kundi da tazarar aƙalla wata uku. Ta tambaye ni dokar gaggawa ta gwamnati, da ke mutuwa in majalisa ba ta amince da ita cikin kwana 60 ba, da hukunci na 360 na 1996 da ya hana sake fitar da ita in ta mutu. Na fita da 28. Harshena bai canza ba tsakanin Yuli da Satumba. Tambaya ta yi, ta saurari amsa har ƙarshe.

Na rubuta koke. Aka ce jarrabawar baka ba ta barin shaida, maganata ce da tasa. Tallafin bai dawo ba.

Sauran shawarwarin gajeru ne. Ku karanta hukuncin kansa, kyauta yake a shafin kotun. Taƙaitawar da ake sayarwa a shagon kwafi tana yanke rabin hujjar. Ku duba shekarar bugun littafi kafin ku ara, don gyaran 2020 ya rage kujerun majalisun daga 630 da 315 zuwa 400 da 200, a 2022 kuma aka sa muhalli a sashe na 9. Ku riƙa bita da murya tare da ɗan ƙasar. Musulmi kuma ya riƙe sashe na 8 da kyau: alaƙar gwamnati da addinan da ba Katolika ba ta yarjejeniya ce, Musulunci bai samu irinta ba, kuma ana iya jefo maka tambayar don a ga yadda fuskarka za ta yi. Ka amsa da sashe na 19, wanda ya ba kowa 'yancin ibada, da yarjejeniya ko babu.

Mataimakin yana nan, na gan shi a zaman bazarar nan yana jera katunan ɗalibai a teburinsa. Ƙanina ko ƙanwata da sunanku ya faɗa can, ku nemi farfesar tun kafin ku ja kujera, ku kuma tabbata akwai naku a sahun gaba.