Kafin ka rubuta wa wani bayanin systemd

Matasan da suka fara kula da sabar Linux sukan bar rubuta bayani sai ƙarshe, in lokaci ya samu. Ƙannena, kurakuran da zan faɗa muku a nan ni ma na taka su, kuma kusan dukansu tushensu ɗaya ne: mai rubutu yana rubuta abin da ya buga a kwamfutarsa, bai faɗi abin da systemd, manhajar da ke tayarwa da kula da sabis (wato manhajojin da ke gudana a bayan fage) a Linux, zai yi da shi ba, bai kuma faɗi yadda abin yake lalacewa ba.

Lennart Poettering da Kay Sievers ne suka fito da systemd a 2010. Fedora ta karɓe shi a 2011, Debian da Ubuntu suka biyo a 2015. Littattafan jagorarsa cikakku ne, sai dai a rarrabe suke. Abin da ya shafi alaƙar sabis da juna yana systemd.unit, yadda ake tayar da shi yana systemd.service, wanda zai gudanar da shi da muhallinsa yana systemd.exec. Saboda haka kada ka rubuta "duba littafin jagora" ka wuce. Faɗi sunan shafin. In ka rasa inda wani layi yake, `man systemd.directives` zai nuna maka. Sannan ka sa layin `Documentation=` a sashen `[Unit]` na fayil ɗin da ke bayyana wa systemd sabis ɗinka, domin `systemctl status` zai nuna shi ga wanda sabis ya mutu masa da tsakar dare.

Inda aka fi ɓatar da mutane shi ne `After=`. Sau da yawa za ka ga an rubuta cewa wannan layin yana sa sabis ɗinka ya tayar da rumbun bayanai kafin ya tashi. Ba haka ba ne. `After=` yana tsara wanda zai riga wani ne kawai, in duka biyun za su tashi. Wanda ke jawo ɗaya sabis ɗin shi ne `Wants=` ko `Requires=`, su kuma ba su tsara jeri. In ka sa `Requires=` shi kaɗai, sabis biyun za su tashi lokaci ɗaya, manhajarka ta nemi rumbun da bai gama shiri ba, ta faɗi. A kwamfutar gwaji mai sauri ba za ka gani ba, sai ranar da aka sake kunna sabar da ke ɗauke da nauyi. Ka rubuta layukan biyu tare, ka ba kowanne jimla guda da ke bayyana aikinsa. Haka batun `network.target`, matakin da ke nuna an tayar da tsarin sadarwa, yake: isa gare shi ba ya nufin an samu adireshin intanet. Sabis ɗin da ke buƙatar haɗi tun daga tashinsa sai ya sa `network-online.target` a `Wants=` da `After=` duka.

Kada ka ce wa mai karatu "in `systemctl start` bai nuna kuskure ba, to an gama". Da `Type=simple`, wanda shi ake ɗauka in ba ka zaɓi wani ba, systemd yana ɗauka sabis ya tashi tun kafin a gudanar da manhajar. Umarnin zai dawo shiru, alhali sabis ɗin ya riga ya mutu. Bayani nagari yana sa mutum ya buga `systemctl status` da `journalctl -u` (mai nuna rajistar saƙonnin sabis) tare da sunan sabis, kuma yana nuna masa abin da zai gani in abin ya lalace. Misali, `status=203/EXEC` na nufin an kasa gudanar da fayil ɗin, galibi hanyar ba daidai ba ce ko babu izinin gudanarwa. Kwafo saƙon kuskuren harafi da harafi, domin shi mutum zai nema.

Lambobin da systemd ke ɗauka da kansa ma ku rubuta su. `Restart=on-failure` ba ya nufin za a yi ta tayar da sabis har abada. Tazarar sake tashi milidaƙiƙa 100 ce, kuma in sabis ya tashi fiye da sau 5 cikin daƙiƙa 10, systemd zai daina gwadawa. Manhajar da ke faɗuwa nan take za ta cinye wannan adadin kafin ƙiftawar ido. Ku nuna `RestartSec=5`, wanda ke mayar da tazarar daƙiƙa 5, ku ambaci `systemctl reset-failed`, wanda ke share wannan ƙidayar. Wajen tsayarwa kuwa, a bisa al'ada ana jiran daƙiƙa 90 kafin a kashe sabis da ƙarfi.

Wajen gyara fayil, kada ku tura kowa `/usr/lib/systemd/system`, domin sabunta manhaja zai shafe gyaransa. `systemctl edit` yana ajiye gyaran a ƙarƙashin `/etc/systemd/system`. Akwai tarko a nan: in za a canza `ExecStart=`, layin da ke ɗauke da umarnin tayar da manhajar, dole a fara sa layin `ExecStart=` babu komai a gabansa, sannan sabon ya biyo, in ba haka ba systemd zai ga umarni biyu ya ƙi. Wanda ya gyara fayil da hannu kuma sai ya buga `systemctl daemon-reload` domin systemd ya sake karanta fayil ɗin. Ku tuna masa cewa `systemctl enable`, wanda ke sa sabis ya riƙa tashi idan an kunna kwamfuta, ba ya tayar da shi a take, sai an haɗa da `--now`.

A saman kowane bayani ku rubuta sigar da kuka gwada, `systemctl --version` zai ba ku. `Type=exec`, wanda ke jira har a gudanar da manhajar kafin ya ce ta tashi, ya shigo ne a siga ta 240, Ubuntu 18.04 kuwa da 237 ta zo. Layin da systemd bai gane ba gargaɗi kawai yake bari a rajista ya ci gaba, don haka mai tsohuwar siga ba zai san an yi watsi da layinsa ba. Kafin ku saki bayanin, ku ɗauki sabuwar kwamfutar gwaji, ku kwafi kowane misali daga cikin rubutun kansa, ku buga `systemd-analyze verify` a kan fayil ɗin, sannan ku sake kunna kwamfutar ku ga ko sabis ɗin ya tashi da kansa.