Kafin ka ce min i7 kake so, faɗa min me za ka yi da ita

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina sana'ar saida kwamfuta da gyaranta a Kano. Shagona ɗan ƙarami ne, kanta biyu da teburin gyara ɗaya, ni da yara biyu da nake koya wa aiki. Nima da yaron shago na fara, ina share ƙura ina ɗauko wa oga kaya daga tasha, har Allah ya sa ya sallame ni na buɗe nawa. Yawancin kwastomomina ba ma'aikatu ba ne, mutanen gida ne, uba da yake so ya saya wa yara, ɗalibar da za ta rubuta furojet, malamin makaranta da yake so ya riƙa buga jarrabawa da kansa, ɗan kasuwa mai son rubuta lissafinsa. Kuma kusan kowa da magana ɗaya yake shigowa, wai oga akwai i7, wato kwamfuta mai injin kamfanin Intel da ake kira i7?

Bara wani dattijo ya zo min, tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya, tare da 'yarsa da za ta zana JAMB. Kun san tun 2015 jarrabawar nan gaba ɗaya a kwamfuta ake yinta, yarinyar kuma ba ta taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai sau biyu a makaranta, to hankalinsa ya tashi. Ya zaro waya ya nuna min hoton wata laftof da ya gani a wani shago, ya ce ɗana, ga wannan an ce min i7 ce kuma kuɗinta bai kai na taka i5 ɗin nan ba, ya aka yi ƙarama ta fi babba tsada? Na ce Baba bismillah zauna tukunna, na sa yaro ya kawo masa ruwa. Na buɗe hoton na ƙara girmansa, lambar da ke jiki i7-2620M ce. Na ce Baba ka ga wannan 2 ɗin da ta biyo bayan ɗan layin nan? Ita ce shekarun injin, janareshan na biyu ke nan, fitowar 2011. Wadda ke gabanka kuwa i5-8250U ce, janareshan na takwas, fitowar 2017, kuma ita ƙwaƙwalwa huɗu ce a cikinta waccan biyu. Na ce Baba in mutum ya ce zai saida maka Corolla ai ba za ka ciro kuɗi ba sai ka tambayi wace shekara ce, ko? Ya yi shiru ya ce tabbas. Na ce to ita ma haka take, sunan i7 ko i5 kamar sunan motar ne, lambar da ke biye ita ce shekarar.

Wallahi wannan abu yana ci min rai, don na san mutane nawa aka saida wa tsohon inji da sunan i7 suka tafi gida suna murna, bayan wata uku suka kawo min ita tana zafi kamar dutsen guga. Ba wai tsohuwar ba ta aiki ba ne fa, tana yi, amma a faɗa wa mutum gaskiyar abin da yake saya, a kuma yi masa kuɗin da ya dace da ita.

Akwai kuma maganar Windows da ta ƙara sa nake dagewa kan janareshan na takwas zuwa sama. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba 2025, shi kuma Windows 11 a ƙa'idarsu kusan sai injin Intel na takwas ko sama da haka yake karɓa. Eh, akwai dabarar da ake tura shi kan tsofaffi, mu ma mun iya, amma in na yi wa mutum haka sai na gaya masa turawa aka yi. In kuɗin mutum bai kai ba, na shida ko na bakwai za su yi masa rubutu da kallo da intanet lafiya lau, ba na hana shi, sai dai ya saya da saninsa.

Abin da na fi nuna wa Baba ran nan ma ba wannan ba ne. Na ɗauko laftof biyu iri ɗaya na jera a kan kanta, ɗaya da tsohon faifan ajiya mai juyawa wanda muke cewa had-dis, ɗaya da sabon ma'aji mara juyawa da ake kira SSD, na ce wa yarinyar, ƙanwata danna su tare. Mai SSD ta buɗe, muka shiga Word ta rubuta sunanta da na makarantarsu, ɗayar tana nan tana ta juya ɗigo-ɗigon nan. Baba ya yi dariya ya ce a'a, wannan ai ta tsaya gaisawa da mutane a hanya. To wannan shi ne sirrin da yawancin masu saye ba su sani ba, nauyin da kwamfutar gida take yi galibi daga faifan nan yake, ba daga injin ba. SSD mai giga 256 ya ishi gida, ya fi maka had-dis mai 1000 da za ka yi ta jiransa. Sai ram, wato wurin da kwamfuta take riƙe aikin da kake yi a lokacin, giga 8 nake ba da shawara, don 4 yanzu da ka buɗe shafi biyar shida a Chrome ka haɗa da Word sai ta fara numfashi sama-sama. 16 kuwa ga mai rubutu da kallon karatu a YouTube ƙarin kuɗi ne kawai, ya ajiye abinsa ya sayi data.

Mutane suna mamaki in na ce su bar sabuwa dal a kwali su ɗau tokumbo. Ba kowace sabuwa nake nufi ba, in kana da kuɗin sabuwa mai kyau ai babu kamarta. Waɗanda nake nufi ƙananan nan ne masu ƙyalli, shuɗi da ja da ruwan hoda, sirara, masu injin Celeron da ram 4 da ma'aji 32 ko 64 wanda aka like a jikin bod, ba a cirewa ba a ƙarawa. Windows kaɗai zai cinye fiye da rabin 32 ɗin, ran da ya zo sabunta kansa sai ya ce babu wuri, kuma in ka kawo min babu abin da zan iya yi maka sai haƙuri. Su kuwa irin su Dell Latitude da HP EliteBook da Lenovo ThinkPad, don ma'aikatu aka ƙera su, kamfanonin Turai da Amurka suna aiki da su 'yan shekaru su canza, dillalai su kwaso su, wasu ta Dubai wasu kai tsaye, su sauka Legas, mu kuma mu saro a Computer Village da ke Ikeja. Jikinsu da ƙwari, ana kwance su da sukudireba cikin sauƙi, kuma kayan gyaransu, batir ne, kibod ne, sikirin ne, fanka ce, duk akwai su a kasuwa birjik. Irin su Latitude 5490 da EliteBook 840 G5 da ThinkPad T480 duk a wannan layin suke, su na fi kawowa, sai dai ko a cikinsu ana duba lambar, don akwai masu injin na bakwai.

Ta tebur ko ta hannu? Wannan wutar unguwarku ce za ta amsa. Ta tebur ta fi araha in ka gwada ƙarfi da ƙarfi, ta fi jure wahala, kuma gidan da yara suke da yawa ta fi kwanciyar hankali, in aka zubar da shayi a kibod sai a sayi wani da ɗan kuɗi kaɗan, ba mai ɗaukarta ya kai ɗaki ko ya ara wa aboki. Amma ana ɗauke wuta ta mutu nan take da aikinka a ciki in ba ka da UPS, laftof kuwa batirinta shi ne UPS ɗinta. Gidan da suke da ɗan sola ina nuna musu ƙananan na tebur ɗin nan irin OptiPlex Micro, girmansu bai wuce littafi mai kauri ba, cajar 65 wat suke ci kamar laftof.

Sana'ar nan na sha wuya a cikinta kafin na iya duba kaya. Akwai shekarar da na tura wa wani dila a Legas kuɗin laftof goma sha biyu, mun saba ciniki don haka ban je ba, aka ɗoro min a mota. Na buɗe kwali ga kaya masu kyau kamar ba a taɓa su ba, na kunna duk suka tashi, na saida uku a satin. Kwana biyu sai ga wani ɗalibi ya dawo, wai ya yi fomatin ya haɗa da intanet sai ta nuna sunan wani kamfani na ƙasar waje tana neman ya shiga da adireshin ma'aikacinsu. Ashe huɗu a ciki ba a cire su daga rajistar kamfanin da ya yi amfani da su ba, biyu kuma an kulle BIOS ɗinsu, wato saitin da kwamfuta take fara tashi da shi kafin Windows, da kalmar sirri. Na mayar wa mutane kuɗinsu, na yi ta kiran dilan yau gobe yau gobe, daga ƙarshe sai kwance su na yi na saida sikirin daban ram daban. Jarina ya girgiza sosai a shekarar, har hayar shago sai da na roƙi mai gida ya ɗaga min ƙafa.

Tun daga nan duk kwamfutar da za ta fita daga shagona a gaban mai ita nake gwada ta, ko yana sauri sai ya zauna. Ina shiga BIOS ya gani da idonsa babu kulle. Ina sa sabon Windows in haɗa da intanet a nan. Ina buɗe farin shafi fes a sikirin mu duba tabo ko layi, sannan baƙi. Ina buɗe Notepad in sa shi ya danna kowane harafi da yatsansa, don sau da yawa harafi ɗaya ne ya mutu kuma ba za ka sani ba sai ranar da kake buƙatarsa. Ina soka filash a kowace kafa, in buɗe murfin in rufe a hankali ina sauraron maƙalar, in ta yi ƙara ko gefen ya ɗaga to akwai karaya a ciki. Batir kuwa ba na yarda da bakin kowa har nawa, akwai umarnin powercfg /batteryreport da ake rubutawa a Windows, zai fito maka da ƙarfin batirin ranar da aka ƙera shi da abin da ya rage masa yanzu, sai ka gwada lambobin biyu. Sannan mu kunna bidiyo mu bar shi kamar rabin awa muna hira, ina sa hannu a gefen da iska ke fita. In an gama in rubuta rasit da lambar jikin kwamfutar da kwanakin garanti. Wanda ya ƙi yarda ka yi wannan gwajin a shagonsa, ka yi masa sallama ka ƙara gaba. Kuma don Allah a guji sayen laftof a hannun yaro a bakin titi ba rasit ba caja don an ga araha, na ga mutumin kirki ya kwana a ofishin 'yan sanda a kan haka.

Farashi ba zan rubuta ba, don kayanmu da dala suke tafiya, tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 abin da na saida yau ba lallai kuɗin ya sake saro min irinsa ba wani satin. Ribar saidawa ta ragu ƙwarai, gyara ne yake riƙe shagon yanzu, kuma gyaran ma yawancinsa abu uku ne ke kawo shi, ƙura da zafi da cajar bogi. In hunturu ya wuce zan buɗe laftof in tarar ƙura ta toshe bakin fanka ta yi kamar auduga, ga bazara ta shigo, ga mutum ya ɗora ta a kan katifa ko filo ya toshe mata hanyar iska, dole ta riƙa kashe kanta. Cajar bogi kuwa mara nauyin nan da ake saya don araha, ita da janareton da wutarsa ke hawa da sauka sun ƙona bod ɗin da ba zan iya ƙirgawa ba. A cikin kuɗin da ka ware, ka bar wani abu na caja ta asali da jaka, in ya samu har da ɗan faranti mai fanka da ake ɗora ta a kai.

Wani lokacin ma hana mutum saye nake. Wata Hajiya mai saida atamfa da leshi ta zo wai 'ya'yanta sun ce sai ta sayi laftof kasuwancinta zai ci gaba, na tambaye ta me take yi, ta ce hoto take ɗauka ta sa a WhatsApp a yi mata tiransifa. Na ce Hajiya wayarki ta ishe ki, ki ƙara jari da kuɗin. Wasu kuma tsohuwar da suka jefa a ƙarƙashin gado SSD kawai take nema da ƙarin ram da wankin fanka, ta ƙara musu shekara biyu uku. Yarana a shago sukan kalle ni in na yi haka, na san me suke tunani, amma ni a unguwar nan nake sallah, mutanen nan gobe ma zan gan su.

Baba dai ya ɗau Latitude mai i5 ɗin nan, na sa wa yarinyar manhajar gwajin JAMB da ta koyon buga rubutu, na nuna mata yadda za ta kashe ta daidai ba ta danne maɓalli ba. Bayan hunturu suka kawo ta na busa mata ƙura na canza man da ake shafa wa injin. Ran nan ba shi kaɗai ya zo ba, ya taho da wani abokin aikinsa na da, shi ma jikansa yake so ya saya wa, yana riƙe da hoton wata i7 a waya. Kafin in buɗe baki Baba ya karɓi wayar ya gyara gilashinsa, ya ce Malam tsaya mu ga lambar da ke bayan layin tukunna.