Sauya rubutun rumfar shago: a kankare, a rufe, ko a ɗinka sabo?

Shago yakan sauya hannu, ko mai shi ya bar sayar da atamfa ya koma kayan masarufi, ko kuma lambar wayar da ke rubuce a gaba ta daina aiki. Rumfar kuwa lafiyarta ƙalau, ƙarfe bai yi tsatsa ba, yadi bai yage ba. A Sakkwato, daga Babbar Kasuwa har titin Ahmadu Bello, buƙatar da ake kawo wa mai zane kusan ɗaya ce: "Malam, goge wanga rubutu ka sa mini nawa." A rumfar da ta sha ranar Sakkwato, gogewa ba kasafai take fitar da kyakkyawan aiki ba. Yawanci rufewa ko sauya ɓangaren da rubutun yake ya fi sauƙi, ya kuma fi daɗewa.

Kafin a taɓa komai a san irin yadin. Tamfol mai roba sumul yake, yana sheƙi, ruwa na zamewa a kansa. Kyanbas da sauran saƙaƙƙen yadi ana ganin zarensu, ana jin kaushinsu a hannu. Fileks kuwa inji ne ya buga shi, tawadar ta riga ta kama jikin robar, babu abin da za a yi masa sai a bugo wani. Shi ma rubutun a gwada shi: a sa farce a gefen harafi, in ya ɗago sitika ce, in bai ɗago ba fenti ne.

Sitika a kan tamfol ita kaɗai ce take fita ba tare da wahala ba. Zafi ke sassauta gam ɗinta, don haka a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafin gari ke wuce digiri 40, shimfiɗa tamfol a rana na ɗan lokaci ya wadatar. Da sanyin hunturu sai an nemo na'urar busar da gashi, a riƙe ta nesa kamar taƙi ɗaya, ana yawo da ita, don in ta tsaya wuri guda robar takan yamutse. A ɗago gefen harafi da tsohon katin banki, a ja a hankali ana kwantar da shi baya. Reza ba ta da aiki a nan, ko ƙarzane kaɗan ta yi nan ruwan damina zai bi. Gam ɗin da ya rage a goge shi da tsumma mai ɗan sifirit ko kananzir, bayan an gwada a kusurwar da ba a gani. In kananzir aka sa, dole a wanke wurin da sabulu sosai, domin maiƙonsa yana hana sabuwar sitika kamawa. Tina, wato ruwan da ake sirka fenti da shi, da fetur su ne masu ɓarna: suna cin fuskar robar, ta dushe ta yi danƙo, ƙura ta manne mata har abada.

To, ko an cire tsaf, sunan tsohon mai shago yana nan. Rana ta koɗe duk tamfol ɗin ban da inda haruffa suka rufe, sai ga rubutun ya fito da ainihin launin farko. Ja da shuɗi sun fi nuna wannan tabo, kuma babu sabulun da ke wanke shi, tunda ba datti ba ne. Sabon rubutu a kan wannan inuwa ba ya karantuwa daga titi.

Fenti a kan kyanbas ya fi wannan muni. Ya shige cikin zare ya bushe, tina kuwa narka shi kawai take yi ya bazu, ta kuma wanke maganin da ke hana yadin jiƙewa. Wanda ya ce zai fitar maka da shi fes, ka ce ya fara nuna maka a kusurwa.

Saboda haka a duba inda rubutun yake. In a lebatun gaba yake, wato ƙyallen da ke reto a bakin rumfa, an huta: a farke ɗinkin, a kai wa masu ɗinkin tamfol su yanko sabo daidai tsawonsa, a ƙara inci 2 ko 3 na kalmasa. Tunda launinsa ba zai taɓa zama ɗaya da tsohon saman ba, gara a zaɓi wani launi dabam da gangan, a ga kamar haka aka tsara. A ɗinka da zaren foliyesta mai kauri. Na auduga yana ruɓewa, na nailan kuma rana na cinye shi da wuri. In a gangaren rufin rubutun yake, ana iya ɗora ƙyalle ɗaya babba da ya zarce tsohon rubutu da inci 2 ta kowane gefe, amma kowace hudar allura a tamfol ƙofar yoyo ce, sai an bi layin ɗinkin da gam na roba. Gam ɗin takalmi da aka saba yakan saki idan rana ta gasa shi a kan tamfol. Wasu kan juya yadin ciki ya koma waje, sai dai rubutun yana bayyana a birkice duk lokacin da haske ya ratso.

Wanda ya zaɓi rufewa da fenti, ya sauko da yadin ƙasa tukuna. Aiki a kan tsani, yadi yana lilo, ba ya ba da miƙaƙƙen layi. A wanke da ruwa da sabulu mara kaifi da buroshi mai laushi, a bar shi ya bushe ƙarau, a shimfiɗa a kan filawud a ja shi ya miƙe. A kewaye tsohon rubutun da salatif ɗin takarda, a rufe wurin mai kusurwa huɗu baki ɗaya da launi mai duhu, sannan sabon rubutu ya hau kai. Fari a kan tsohon baƙin rubutu yana cin shafa uku ko huɗu, kuma duk da haka yakan leƙo.

Zaɓen fenti shi ne inda aka fi faɗuwa. Kyanbas yana son fentin akirilik na ruwa, irin na waje, saboda yana lanƙwasuwa tare da yadi. Fentin mai, wanda ake shafa wa ƙofar ƙarfe, yana bushewa da tauri, iska na kaɗa rumfa sai ya tsattsage. A kan tamfol mai roba kuma abin ya sha bamban: man da ke sa robar laushi yana tasowa ya shiga fentin mai, ya hana shi bushewa, makonni yana danƙo. Tamfol sai tawadar roba ta masu bugun sikirin, wato masu buga rubutu ta cikin raga mai laushi, ko sitika mai kyau ta waje. A shafa siriri sau biyu ko uku, a bar kowace shafa ta bushe kafin ta gaba. Shafa ɗaya mai kauri ita ke ɓamɓarewa.

Girman harafi yana da lissafi. Masu allon talla suna ba kowane inci 1 na tsayin harafi nisan ƙafa 10, wato harafi mai inci 6 yana karantuwa da kyau daga ƙafa 60. Lambar waya tana da alƙaluma 11. In tsayinsu inci 4 ne, kowanne da tazararsa zai ci kusan inci 3, jimla kusan ƙafa 3, sai a ware mata wurinta tun kafin a fara. A ja layin sama da na ƙasa da alli, a nemo tsakiya, a tsara daga tsakiya zuwa gefe. Masu cusa suna da jerin kaya da lambobi uku a lebatu ɗaya suna biyan kuɗin rubutun da mai babur ba zai iya karantawa ba.

In sitensil, wato fallen da ake huda siffar haruffa a jikinsa a shafa fenti ta ciki, za a yanko a kwamfuta, a duba ƙ da ɗ da ɓ a allon kafin inji ya yanka, domin salon rubutu da yawa ba su da su, sai a ga harafi ɗaya ya fita dabam da 'yan'uwansa. Ajami ma haka: wasu manhajojin yanka suna rarraba haruffan ko su juya su daga hagu, don haka a sa wanda ya iya karantawa ya gani. Sitensil na kwali kuma a bar masa 'yan gadoji a cikin A, B, D, O da R, a cike su da hannu daga baya. Kafin launin rubutu, a fara bin gefen haruffan da launin da rubutun zai hau kansa, shi zai toshe kafofin saƙa ya hana fenti malala ƙarƙashi. A dangwala da soso, kada a ja buroshi. A ɗage sitensil tun fenti na da ɗan laima.

Safiya ce lokacin aiki, a inuwa. Da tsakar rana saman fenti yana bushewa cikinsa ɗanye, ranar da hazo ya sauko kuma ƙura na shiga ciki ta zauna. A ba yadin kwana biyu zuwa uku kafin a mayar da shi kan rumfa, kuma a naɗe shi a jikin bututu rubutu na waje wajen ɗauka, kada a ninke. Kyanbas da aka wanke ya rasa wani ɓangare na maganin ruwansa, sai a yayyafa masa ruwa a gani. In yadin ya tsotse ruwan maimakon ya gangare, a fesa masa sabon magani bayan fentin ya gama bushewa, domin in aka fesa kafin rubutu fentin ba zai kama ba.