Kirari a cikin kundin ilimi

Jiya da yamma a fadarmu ta Birni, nan Damagaram, muna jiran shayi na biyu, ƙanena ya miƙo mini waya in karanta tarihin wani makaɗin na'ura a wani kundin ilimi na intanet. An kira shi gwanin gwanaye har sau uku, amma babu shekarar da ya fara kiɗa, kuma babu majiya sai shafinsa na talla. Kai ka ce maroƙi ne ya rubuta. Abin ya sosa mini rai, domin na tuna Mamman Sani, wanda ya naɗi kiɗansa na lantarki a Yamai tun 1978, amma sai a 2013 aka sake fitar da shi duniya ta ji.