Watannin da Yaya ta manta sunana

Shekara 2 bayan an cire wa Yaya nonon hagu, mun ɗauka ta rabu da sankara ke nan. Ta sha shimiyo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, gashinta ya zube ya sake tsirowa, ta koma suyar ƙosanta a ƙofar gidanmu a Garwa, ƙasar Kamaru. Sai ciwon kai ya sako ta gaba. Da asuba yake tashinta, wani lokacin har da amai, rana na ɗagawa ya lafa. Muka ce zafin bazara ne, muka yi ta ba ta parasitamol.

Halinta ne ya fi tayar mana da hankali. Matar da ba a taɓa jin muryarta a waje ba ta koma zagin 'ya'yanta. Matsami ya riƙa suɓucewa daga hannunta na dama. Wata rana ta ƙura mini ido, bakinta na motsi, sunana ya ƙi fitowa. Inna ta ce iska ce, Goggo ta ce sammu aka yi mata saboda ciniki. Aka yi hayaƙi, aka sha rubutu, kuma ni ce mai kai ta. Wata 3 muka ɓata a haka. Ba na raina addu'a, ita ta riƙe mu. Amma ko sau ɗaya ban kawo a raina cewa ciwon nono zai iya hawa kai ba.

Ranar da ta faɗi tana jijjiga a gaban kasko muka kai ta asibiti. Hoton sikana ya nuna ƙulli 2 a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, kowanne da duhu kewaye da shi.

Likitan, Allah Ya saka masa, ya zaunar da ni. Ya ce wannan ba sabon ciwo ba ne, sankarar maman ce ta biyo jini tun da daɗewa. Jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa suna da shinge mai tsauri da ke hana guba shiga, sai dai shingen nan yana tare magungunan sankara da yawa. Yawancin ƙwayoyin ciwon da suka isa can mutuwa suke yi, amma wadda ta ratsa ta manne a jikin jijiya tana iya kwanciya shiru wata da watanni, ko shekaru. Ya ce bayan sankarar huhu, ta mama ce ta fi yin wannan ƙaura, musamman nau'in da ake kira HER2, irin na Yaya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zancen wasu ƙwayoyin halitta masu siffar tauraro. Aikinsu ciyar da ƙwayoyin da muke tunani da su da kuma kula da shingen. Da farko suna yi wa baƙuwar ƙwayar sankarar taron dangi don su kashe ta. Daga baya sai ta juya su, su koma taimaka mata wajen girma, har su kāre ta daga magani. Masu gadi sun zama 'yan aikin ɓarawo. Ga ruwa yana taruwa a gefen ƙullin, shi ne duhun da na gani, ƙoƙon kai kuwa ƙashi ne, ba ya buɗewa. Ɓangaren hagu ke juya hannun dama, kuma a wurin yawancin mutane can magana take. Nan na fashe da kuka, domin na sha yin fushi da zaginta, ashe ba ita ba ce.

Aka sa mata dezametazon don rage kumburin. Na koyi ba ta shi da safe saboda yana hana barci, na koyi lura da sukarinta, kuma ba a yanke shi farat ɗaya. Farfaɗiya kuwa, na hana kowa cusa mata cokali a baki. A kwantar da ita ta gefe, a janye wuta da duk abin da zai ji mata ciwo, a duba agogo. Sai da muka yi sa-in-sa da Goggo kafin ta yarda.

Maganin haske, wato radiyoterapi, sai Duwala. Mota zuwa Ngawundere, jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, sannan wata motar. Inna ta sayar da filinta. Zama 10 aka yi mata cikin mako 2. Likitocin ba su ɓoye mana ba, sauƙi ake nema ba warkewa ba.

A jirgin dawowa, cikin dare, ta taɓa gwiwata da hannun damar nan. Ta kira sunana tiryan-tiryan, ta ce, "Auta, kin ci abinci kuwa?" Na ce, "Na ci, Yaya." Ban ci ba.

Wata 7 ta ƙara tare da mu, ta ga saukar karatun babbar 'yarta. Allah Ya jiƙanta.